Fadamar da Aka Goge Sunanta

A wani daji da ba shi da nisa da naku, akwai dokar da kowace dabba ta haddace tun tana tsotso: ba a gargaɗi da baki. Dokar tana da asali, kuma asalin ba na banza ba ne. Wata shekara Biri ya hango jan faɗuwar rana ta tsakanin ciyawa, ya kwarma ihun gobara. Dabbobi suka zabura, Giwa ta bi ta kan ramukan kurege, aka yi asarar rayuka a kan wutar da ba ta tashi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Sai Zaki ya yanke cewa duk wanda ya gano wani haɗari ya rubuta muƙala a ganyen gamji ya kai wa Majalisar Masana. In masana sun amince, a rataye ganyen a jikin tsohuwar kukar tsakiyar daji, Gauraka mai shela ya karanta wa kowa. Abin da ba a rataye ba jita-jita ne, mai yaɗa shi kuma kora ce hukuncinsa.

Zaki ya faɗi tasa ya koma barci. Masana kuwa ba su runtsa ba. Kowace shekara sai sun haifa wa dokar 'ya'ya, 'ya'yan su haifi jikoki, har aka wayi gari babu mai tuna gobarar Biri, sai faɗin gefen ganye da launin tawada.

Malama Gada a gindin kukar nan ta yi karatu, kuma ta yarda da dokar fiye da waɗanda suka tsara ta. A ƙarshen wata damina ɗanta na fari ya je kiwo Fadamar Kanya, ya dawo yana makyarkyata, kumfa a baki, kafin rana ta faɗi ya cika. 'Ya'yan maƙwabciyarta Barewa guda biyu suka bi shi a makon. Jama'a suka ce iska ce, wasu suka ce kwana ne ya ƙare. Gada ta karɓi gaisuwa, ta share hawaye, sannan ta bi sawun yaran har inda suka yi kiwon ƙarshe. Ta duba abin da suka ciza, ta tona laka, ta bi hanyar ruwa har tudu. Ashe ambaliya ce ta kwaso irin samberu ta zube shi a fadamar. Babban samberu kowa ya san dafinsa, kowa kauce masa yake yi. Amma ɗan tsironsa, in ya fito cikin sabuwar ciyawa, uwa ma ba ta bambance shi, balle jariri. Kaɗan ne ya tsiro a waccan damina. Sauran irin yana kwance cikin laka yana jiran ruwan farko, kuma da ruwan farko ne Gwanki yake sauko da garkunan arewa, da jariransu, kai tsaye zuwa Fadamar Kanya.

Gada ta samo ganyen gamji mai faɗi, ta roƙi ƙaya wurin Beguwa, ta rubuta komai: sunan fadamar, sunan tsiron, zanen ganyensa da jan karansa, da yadda yaran uku suka mutu. Tun rani bai yi nisa ba ta isa ƙofar majalisa, inda Bushiya ke zaune tana karɓar muƙalu.

Bushiya ta ce, "Sannu da zuwa, Malama. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan yaro. Kawo mu gani."

Ta karɓi ganyen ta juya shi baibai, domin ita awo take yi, bai dame ta ba ko rubutun yana tsaye ko yana kife. Ta zaro ƙaya ɗaya daga bayanta ta gwada nan, ta gwada can.

"Gefen dama ya kai kunnen zomo, na hagu bai kai ba. Tsakurenki, wato taƙaitawar da ke sama, ya yi tsawo, ƙa'ida ita ce Kwaɗo ya karance shi da numfashi ɗaya. Sannan manazarta. Kin jera magabata bisa shekarunsu. Wannan tsarin bara ne. Bana bisa nauyin jiki ake jerawa, Giwa a sama, Jaɓa a ƙasa."

Gada ta ce, "Yaya Bushiya, don Allah ki karanta layin farko kawai. Rayukan yara ne a ciki."

"Karatu ba aikina ba ne, ƙanwata. Ni awo aka sa ni. In na fara karanta abin da kowa ya kawo, tausayi zai ɓata mini ma'auni."

Gada ta koma ta sake. Ta dawo aka ce tawadar ta cika baƙi. Ta sake dawowa aka ce magabatan da ta ambata sun yi kaɗan, kuma babu ko ɗaya daga rubuce-rubucen shugaban majalisa a cikinsu, alhali shi ya yi rubutu a kan laka tun kafin a haifi kakarta. Muƙala kuma ba ta wuce ganye ɗaya. Gefe ya ci nasa, sunayen magabata suka ci nasu, wuri ya ƙare. Dole wani abu ya fita, kuma abin da ƙa'ida ba ta wajabta ba shi ne zanen tsiron. Ta kankare shi da kofatonta tana kuka, ta rubuta sunayen matattun kunkurai a gurbinsa.

Da Bushiya ta rasa abin da za ta auna, sai ta miƙa ta wurin Shehu Kunkuru, shugaban majalisa kuma babban editan kuka. Dattijo ne mai fara'a, bai taɓa ɗaga murya ba, bai kuma taɓa ɗaga ƙafa da wuri ba. Shi kam ya karanta. Ya gama ya janye wuyansa cikin ƙwarya ya yi tunani, ya sake fito da shi.

"'Yata, aiki ya yi kyau, ban ji kunyar koyar da ke ba. Saura share sawu. Kin san masu dubawarmu biyu ne, a cikin kogon kuka suke zama, ba kya ganinsu, su ma bai halatta su san ke wace ce ba. Adalci ke nan. Da can an sha fifita ɗan babban gida a kan ɗan talaka, shi ya sa muka ce kowace muƙala ta shiga kogo ba uwa ba uba. To kin rubuta 'ɗana'. Duk dajin nan wa bai zo miki gaisuwa ba? A goge. Kin rubuta Fadamar Kanya. Wa ke zaune a bakin Fadamar Kanya in ba ke ba? A goge, a sa 'wata fadama'. Dajin ma kada ki ce namu, ki ce 'wani daji'. Samberu kuma sunan 'yan kiwo ne, ba a kawo shi gaban masana. Yana da suna a harshen magabata, shi za ki sa."

Gada ta ce, "Allah ya gafarta Malam, in na goge sunan wurin da sunan tsiron, me ya rage?"

"Ilimi ya rage, 'yata. Sunaye ai tufafi ne. In an gama dubawa kya mayar musu da kayansu."

"Malam, hadari ya fara haɗuwa a gabas."

"Sannu ba ta hana zuwa."

Bai ƙarasa karin maganar ba, ita ma ba ta ƙarasa masa ba, don ladabi. Sai dai a daɗe ba a je ba. Ta goge ɗanta daga ganyen, ta goge fadamar, ta rubuta wani dogon suna da ko Shehun sai ya huta a tsakiyarsa kafin ya kai ƙarshe.

Ranar dubawa aka tsayar da ita bayan zana a bakin kogo, aka zura ganyen ciki. Wani wari yana fitowa daga kogon, amma masana sun daɗe da cewa warin tsofaffin muƙalu ne. Muryar farko ta yi hamma, ta ce aikin ba laifi, sai dai marubucin ya manta da wata muhimmiyar muƙala a kan canjin launi, wadda wata baiwar Allah mai tawali'u ta rubuta, a ambace ta sau uku. Daga nan ba a ƙara jin ta ba sai minshari. Murya ta biyu kuwa a farke take sarai. Ta yi gyaran murya, kaushi gare ta kamar ana jan busasshiyar fata a ƙasa.

"A tawa fahimtar, hujja ba ta isa ba. Gawa uku? Uku ai tsautsayi ne, ba ilimi ba. Wa ya ce ba maciji ba ne? Wa ya ce ba gadon ciwo ba ne? Ni na daɗe a wannan fage, na san gawa ciki da waje, kuma ina gaya wa marubucin nan cewa ba a gina hukunci a kan 'yan jarirai uku. A bari damina ta zagayo, a ga abin da zai faru, a tattara, a ƙirga. Gaggawa aikin shaiɗan ce. In har za a rataye wannan ganye, to a cire 'yana kisa', a sa 'mai yiwuwa yana da alaƙa da rashin jin daɗi'. A cire 'kada a yi kiwo', domin umarni ba harshen masana ba ne. A sa 'ana buƙatar ƙarin bincike'. Wannan ita ce tawa fahimtar."

Marubuci ba ya magana a bakin kogo, wannan ma ƙa'ida ce. Gada ta kasa jurewa. Ta ture zanar ta fuskanci masana da ke zaune a inuwa.

"Ku gafarce ni, malamaina. A nan na koyi riƙe ƙaya, a nan aka koya mini cewa rigakafi ya fi magani. Ƙarin binciken da ake nema, da me za a yi shi? Da 'ya'yan wa? Na kawo muku uku, ɗaya ni na haife shi, na lashe shi yana jiƙe, an ce bai isa ba. To ku faɗa mini nawa ne ya isa, in je in gaya wa uwayen arewa kowace ta san kason da za ta bayar. Rani guda ina zarya. An auna gefena, an auna tawadata, an auna nauyin matattu don a san wanda za a rubuta a sama. Babu wanda ya tashi ya taka zuwa fadamar ya tona laka da farcensa, ga ta nan kusa, ko Malam in ya fita da hantsi zai kai kafin la'asar. An kafa majalisar nan don kada ƙarya ta kashe mu. Yau gaskiya ce a hannunku, kun zaunar da ita kuna yi mata kitso, mutuwa tana tsiro a bayan gidanku. Garin gyaran gira za ku tsone ido, kuma idon ba naku ba ne."

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka duba ko tawadarsu ta bushe. Shehu Kunkuru ya bari ta huce, sannan ya ce cikin taushi, "Mun ji, kuma mun yafe, zafin rashi ne. Ba za a rubuta cewa kin yi magana ba, don in an rubuta, sawunki ya bayyana, sai a koma farko. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yi abin da aka ce, a rataye. Rabin gargaɗi a jikin kuka ya fi cikakke a bakin korarriya."

Gaba kura, baya siyaki. In ta ƙi, babu shela. In ta yi shelar da bakinta, a kore ta, maganarta ta zama jita-jita. Ta yi gyaran, tana riƙe da alkawari ɗaya: in an amince, za ta mayar da sunaye.

Ranar da Shamuwa ta sauka a kan kuka, alamar damina ta ƙaraso, ranar aka fito da ganyen daga kogo da tambarin amincewa. Gada ta zaro ƙayarta za ta rubuta Fadamar Kanya. Bushiya ta dafe ganyen.

"Me za ki yi, Malama?"

"Zan mayar da sunayen. Malam ya ce in an gama dubawa."

Suka juya wurin Shehu. Ya janye wuya, ya daɗe a ciki. Da ya fito sai ya ce, "Na faɗa, ban musa ba. Sai dai akwai ƙa'idar da ta girmi maganata: abin da masu dubawa suka amince da shi, shi ake ratayewa, ba ƙari ba ragi. Ba su ga sunan fadama ba, saboda haka ba su amince da shi ba. In kin ƙara ko ɗigo, ta zama sabuwar muƙala, sai ta koma wurin Bushiya. Lallai ƙa'idojin nan biyu sun ci karo, kuma na gode da kika nuna mana. Za mu kafa kwamiti bayan damina."

Haka aka rataye ta. Ni dai ban taɓa ganin ganye mai kyan tsari irin wannan ba, kuma ban taɓa ganin wofi irinsa ba. Gauraka ya hau reshe ya buɗe murya: "A wani daji, a wata fadama, akwai wani tsiro mai suna..." Ya yi tari ya tsallake sunan. "Wanda mai yiwuwa yana da alaƙa da rashin jin daɗi ga wasu. Ana buƙatar ƙarin bincike." Sannan ya karanto magabata tun daga Giwa har Jaɓa, bai tsallake ko ɗaya ba. Dabbobi suka jinjina kai, suka ce Allah ya kyauta wa mutanen wancan daji.

Ruwan farko ya sauka, fadama ta yi kore shar. Da ƙurar garkunan arewa ta bayyana, Gada ta ajiye ƙaya da karatunta da tsoron kora, ta je ta tsaya a tsakiyar hanya. Barewa ta tsaya kusa da ita, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Gwanki ya taho a gaba, bayansa uwaye ramammu da jarirai masu rawar ƙafa, sun kwaso yunwar rani tun daga arewa.

Gada ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ku shiga. Akwai samberu cikin ciyawar nan, ƙanana, masu jan kara. Shi ya kashe ɗana da 'ya'yan wannan baiwar Allah. Ku zaga ta tudu."

Gwanki ba azzalumi ba ne, mai bin doka ne, kuma kakansa yana cikin waɗanda aka tattake a gobarar Biri. Ya ce, "Baiwar Allah, an rataye wannan magana a kuka?"

"An rataye. Ni na rubuta."

"Ta kuka muka biyo, Gauraka ya maimaita mana shelar bana. Cewa ya yi a wani daji. Bai ce Kanya ba, bai ce samberu ba, bai ce kisa ba, sunanki ma ban ji ba. In masana sun san nan ne, me zai hana su faɗa? Ko kin fi su sani ne?"

"Sun sani. Tsari ne ya hana."

"To ni ba zan juya garke mai yunwa zuwa tudun da babu ko tsinke a kan maganar da masu ita ba su yarda su sa wa suna ba. Tudu ma kisa yake yi, kuma nasa tabbas ne, ba mai yiwuwa ba. Matsa mana, don girman Allah."

Gada ta ƙi matsawa, garke ya rabu biyu ya wuce ta kamar ruwa ya sami dutse. Tana bi tana kiran uwaye ɗaya ɗaya, tana nuna musu jan kara da kofato. Da zanen nan yana jikin kuka, da sun san abin da take nunawa. 'Yan kaɗan suka dubi idon Barewa, suka ga abin da ke cikinsa, suka janye 'ya'yansu. Sauran suka sunkuya suka ci.

Ba zan ba da labarin washegari ba. Wanda ya taɓa jin kukan uwa ɗaya ya ninka da kansa. Gwanki yana tsaye a kan ɗan autansa, ya kasa duban inda Gada take.

Da hantsi sai ga Shehu Kunkuru. Ashe ya san hanyar fadamar. Ya yi ta'aziyya mai ratsa jiki, sannan ya ja Gada gefe ya sanar da ita abu biyu. Na farko, majalisa ta zauna a kan gargaɗin da ta yi da baki, hukuncin kora ya tabbata, amma saboda ita 'yar gida ce an jinkirta shi. Na biyu, an jinkirta ne don ta samu ta rubuta muƙala ta biyu a kan abin da ya faru, tunda yanzu fagen ya buɗe. Ya ƙara da cewa ta lura, an koma jera magabata bisa shekaru.

Gada ta dube shi har ya janye wuyansa. A lokacin ne ta ji gyaran murya daga saman kanya, mai kaushi, iska kuma ta kaɗo mata warin da masana ke cewa na tsofaffin muƙalu ne. Ta ɗaga kai. Ungulu ce zaune a reshe, cikinta ya yi nauyi har reshen ya ranƙwafa. Ta goge baki a jikin itace, ta dubi fadamar daga wannan gefe zuwa wancan, ta ce a tata fahimtar, yanzu kam hujja ta isa.